Ranar da Na Nuna wa Kawu Abashe Hagu

Kawu Abashe bai taɓa barin gaisuwa ta ƙare lafiya ba. Ku da kuka zauna da shi a Gobarau kun sani. Za ka durƙusa ka ce, "Ina kwana, Kawu?" Ya ce, "Lahiya lau." Ka ce, "Ina gajiya?" Ya ce, "Ba gajiya. Gizo-gizo ƙahwa nawa gare shi?" Shi ke nan, ka shiga uku! In ka ce shida, ya daka maka tsawa, "Jahili!" In ka ce takwas, babu yabo, sai ya ƙaro wata: me ya sa ake ganin walƙiya kafin a ji tsawa? Ni Lawal, ɗan ƙanwarsa, shagona na gyaran waya yana kallon zaurensa, don haka na fi kowa shan wannan azaba. Yau kwana arba'in da rasuwarsa, kuma akwai laifin da na yi masa wanda ban taɓa gaya wa ko ɗayanku ba. Yau zan faɗa. Amma ku bar ni in fara da dariya, in na fara da wancan ba zan iya ƙarasawa ba.

Gyaran rediyo ne sana'arsa, a nan ya kwaso rabin iliminsa. Rediyon da zai gyara cikin minti goma sai ya riƙe shi mako guda, wai yana gwaji, alhali shirye-shiryen duniya yake sha. Ɗaya rabin kuwa daga takardar ƙosai ya samo shi. Kawu bai taɓa sayen jarida ba, wai ɓarna ce. Sai ya sayi ƙosai wurin Tabawa, ya juye shi a kwano, ya shimfiɗa tsohuwar jaridar da aka ƙunso shi, ya sa tabarau. Wata safiya ina tsaye ya dawo mata da ƙunshin, fuska a murtuke.

"Tabawa, canza mani."

"Malam, bai soyu ba ne?"

"Ya soyu. Takardar ce na karanta jiya. Kuma labarin mutanen da suka tahi wata, kin yage shi a tsakiya. Ina sauran?"

"Wallahi na ƙunsa ma wani."

"Wa?"

Jama'a, sai da Kawu ya bi mutumin nan har Ƙofar Marusa ya karɓo rabin shafin, duk ya jiƙe da mai.

Kun tuna lokacin da Malam Nura ya zo neman 'yarsa Hindatu? Ma'aikacin ofis, shadda ta sha guga, ya zauna a zaure yana sunkuyar da kai. Kawu bai tambayi albashinsa ba. Cewa ya yi, "Hasken wata nashi ne ko aro ya yi?" Nura ya yi gumi, ya ga mafita ɗaya ce, ya ce, "Allah ne masani, Baba." Kawu ya ce, "Shi na san Ya sani. Kai nike tambaya." Sai da Hindatu ta leƙo ta bayan labule ta raɗa wa Nura cewa daga rana wata yake ara, sannan aka ci gaba da maganar aure. Ranar bikin ma bai bar makaɗi ya huta ba. Ya tsayar da shi yana tsakiyar waƙa ya ce, "Kukuma tsirkiya nawa gare ta?" Makaɗi ya ce ɗaya. Kawu ya ce, "To mi ya sa taka ke kukan goma?" Samarin da ke kallon fim a waya bakin shagona kuwa, kullum sai ya gaya musu cewa finafinan farko ba su da magana, wai mutanen wancan zamani suna da kunya.

To, kamar shekara biyu da suka wuce tambayoyin suka fara sauƙi. "Yau wace rana ce?" "Wanga gida na waye?" "Ɗiyata ta hwari, mi sunanta?" Muka yi ta dariya, muna cewa rumbun Kawu ya ƙare, ya koma aji ɗaya. Shekara talatin mutumin nan bai taɓa yin tambayar da bai san amsarta ba, to wa zai kawo wani abu a ransa? Har wasa muka ƙirƙiro: mu ba shi amsar banza da gangan, don mu ji ya ce jahili. Ranar Talata mu ce masa Lahadi ce. Amma ya daina tsawar. Sai ya gyaɗa kai ya ce, "To." Muka ce sabon salo ne, tarko yake haɗa mana. Matarsa Inna Rabi ta same ni a shago ta ce, "Lawwali, kawunka hwa ba daidai yake ba." Na ce, "Haba Inna, kamar ba ki san halinshi ba." Haka na sallame ta, ina dariya.

Sai wata Juma'a. Ya fito cikin farar riga, darduma a kafaɗa, ya tsaya bakin shagona yana waige-waige. Akwai baƙi biyu da suka kawo gyara.

"Lawwali, masallaci ta ina ne?"

Masallacin da yake zuwa tun ba a haife ni ba! Na ƙyafta wa baƙin ido, na miƙa hannu hagu, inda babu masallaci sai titi.

"Nan ne, Kawu. Miƙe kawai."

"Ka tabbata?"

"Na tabbata."

Na duƙar da kai ina jiran ya kai mini sanda. Sai ya ce, "Na gode, Allah shi yi maka albarka," ya juya ya tafi. Na raka bayansa da dariya, na ce ta lungu zai zago ya riga ni zuwa. Da aka sallame sallah na duba inda ya saba tsayawa a sahu, wani ne a wurin. Na fito na shiga nemansa, ban gan shi ba.

Sai bayan la'asar wani ɗan acaɓa ya kawo shi. Can wajen GRA ya tsince shi zaune jikin katanga cikin rana, takalmi ƙafa ɗaya, ya rungume dardumarsa. Ƙafafunsa sun kumbura. Inna Rabi tana kuka tana tambayarsa me ya kai shi, shi kuma abu ɗaya yake maimaitawa: "An ce mani nan ne." Likita ya ce ciwon mantuwa ne, kuma ya daɗe yana cin sa. Ashe duk tambayoyin nan masu sauƙi da gaske yake yi. Hanya yake nema, muna yi masa dariya.

Daga ranar bai ƙara fita ba. Ya ce mutanen gari sun canza wa titi wuri. Unguwa ta yi ta tsine wa wanda ya ɓatar da shi, ina cikinsu ina cewa amin. Kunya da tsoro suka rufe mini baki. Kullum ina kai masa ƙosai da jarida sabuwa, wadda na saya, sai ya riƙe ta a kife yana kallon bango. Na sha zama gabansa da niyyar faɗa, in tashi ban faɗa ba.

Saura kwana uku ya rasu na same shi shi kaɗai, na durƙusa.

"Kawu, ranar da ka ɓata, ni na nuna maka hagu. Da gangan na yi. Ka yahe mani."

Ya juyo ya dube ni.

"Wani ya ɓata?"

"Kai, Kawu. Ni na jawo."

"Assha. To ka ce ma yaron na yahe, kar shi ƙara." Ya ɗan matso. "Kai kuma ɗan wa ne?"

Wannan karon na ba shi amsa ta gaskiya, da ladabi, yadda ya kamata in yi tun farko. Na ce, "Lawal ne, Kawu, ɗan ƙanwarka Binta."

Fuskarsa ta washe. Ya ce, "Binta na da ɗa? Madalla!"

Yafewar da na samu ke nan, daga mutumin da bai san me ya yafe ba, bai kuma san wa ya yafe wa ba. Shi ya sa nake neman taku, musamman ke Inna Rabi, da kika gani kika faɗa na ƙi ji.

Ya Allah, bawanka Abashe ya zo maka ba ya tuna ko sunan 'yarsa. Idan mala'iku suka zaunar da shi za su tambaye shi, Ka tuna masa amsa, Ka tabbatar da harshensa. Ka jiƙan sa, mu kuma Ka yafe mana. Amin.