Tsayuwa a Gaban Na'ura

Shekara uku ke nan da likita ya faɗa mini sunan ciwona, em-es, wanda ke cin rigar da ta lulluɓe jijiyoyi. Kafin nan har an fara raɗe-raɗi a makarantar da nake koyarwa a Mararaba wai na fara shaye-shaye, saboda tangaɗin da nake yi tsakanin allo da kujera. 

Ranar asibiti ta fi komai gajiyar da ni. Mu fito da uwargidana da sassafe, mu sha cunkoson shiga Abuja, ina isa likita ya ce in taka zuwa bakin ƙofa in dawo. Sai ƙafafun su nutsu kamar 'yan aji sun ga sufeto. Ya ce, "Ai da sauƙi, Malam." Alhali a makon nan sau biyu na faɗi a banɗaki.

Rannan ya tura ni sashen gashin ƙashi. Wata ma'aikaciya mai tsamin Hausa ta ɗaura mini wasu 'yan na'urori kamar ƙwanson ashana, ɗaya a ƙugu, biyu a idon sawu. Ta ce duk motsin da jikina ya yi, komai ƙanƙantarsa, za su aika wa kwamfuta.

"Oga, ka haɗa ƙafa, ka rufe ido. Kar ka yi komai, tsayawa kawai."

Na tsaya. A zatona ko gezau ban yi ba. Da na buɗe ido sai na ga uwargida ta taso daga benci ta miƙo hannuwa biyu.

Ma'aikaciyar ta juyo mana da fuskar kwamfutar. Wani zane ne a cukurkuɗe kamar zaren da kaza ta tattaka, ya rinjaya hagu. Ta ce da ido nake riƙe da jikina, da na rufe shi ƙafafun ba sa gaya wa ƙwaƙwalwa inda ƙasa take.

Uwargida ta ce, "Shi ya sa in an ɗauke wuta kake dafa bango, Malam."

Na ɗauka zan yi murna an gaskata ni. Ciwon baya kawai na ji, da son in zauna.

Ma'aikaciyar ta koya mini atisayen da zan riƙa yi a gida, ta ce in nemi sanda. Na ce ban kai shekarun ba. Ta ce, "Ƙasa ba ya tambayar shekara."

A kasuwar Utako muka tsaya, uwargida ta zaɓo mini sanda mai roba a gindi. Sai da na yi wata guda ina barin ta a bayan ƙofa kafin na yarda na fita da ita.

Bayan wata huɗu aka sake auna ni. Zanen ya ɗan tsuke, ba da yawa ba. Ma'aikaciyar ta ce in ci gaba da atisayen, na ce to. A motar komawa barci na yi har Mararaba, sai da uwargida ta taɓa ni.