Ranar da Aka Ce Malam Ya Tuɓe Riga

Bayan maigidana ya yi shanyewar ɓarin jiki, likita magana ɗaya ya yi mana: ya riƙa takawa kullum, in ba haka ba ƙafar ta sandare. Faɗa da baki ba wuya. A Gyaɗi-Gyaɗi dattijo bai isa ya yi taku goma a titi ba. Wannan ya tsayar da adaidaita ya ce, "Baba, hau, kyauta ne." Wancan ya durƙusa yana jajanta masa kamar ya zo ta'aziyya. Mutumin da ya shekara talatin yana koyarwa, tausayin nan ya fi ciwon cin ransa. Sai ya ƙi fita.

Ni na gano masa wurin. Ta wajen Tarauni akwai wani ragowar gandun itatuwa, darbejiya da turare, da 'yar siririyar hanya wadda ƙafafu da tayoyin keke suka fitar. In mun idar da asuba gari ya yi haske, sai mu tafi, shi da babbar rigarsa da sanda, ni da mayafina. Can kowa harkar gabansa yake yi. Masu gudu su wuce, ma'aikatan jinya da suka tashi aiki su wuce, ba mai ce masa sannu. Da farko bishiya uku yake kaiwa ya zauna. Kafin damina ta fita yana zagaye gandun gaba ɗaya, har yana tsokanata wai ni ce mai nauyin jiki.

Sai masu gyara suka zo. Gyara! Aka ja katanga, aka shimfiɗa bulon intalok a kan hanyar, aka kafa ƙofa da allo. Ranar da aka buɗe, maigadi ya tare mu.

"Hajiya, ku yi haƙuri. Doka ce, sai da kayan motsa jiki."

Na ce, "To shi da wane jikin yake motsawa, na aro?"

Ya nuna min allon kawai. Har yau in na tuna raina ɓaci yake. Wane mai hankali ne ya zauna ya yanke cewa lafiya sai mai gajeren wando?

Ban haƙura ba. Na je kasuwa na sayo riga da wando irin na 'yan ƙwallo, da kambas. Kwana uku ina lallashi kafin ya yarda ya sa, amma ya ɗora babbar rigarsa a sama don kada unguwa ta gani. A bakin ƙofa na ɗaga gefen rigar na nuna wa maigadi. Ya ce a'a, sai an cire ta saman, kada oga ya hango.

Malam ya miƙo min sandar, ya kama wuyan rigar da hannunsa mai lafiya ya ja. Rigar ta maƙale a kafaɗar da ba ta ɗaguwa, ta rufe masa fuska, ya fara tangaɗi. Wasu samari da suka zo gudu suka rufu a kansa, wannan ya riƙe ƙugu, wancan ya riƙe hannu, suna ta "Sannu Baba, sannu Baba."

Daga cikin rigar na ji muryarsa ƙasa-ƙasa. "Sauke min ita. Mu je gida."

A ranar shi da kansa ya ɗaga hannu ya tsayar da adaidaita. Yanzu ko banɗaki sai na riƙe shi.