Jan Tabo a Rumfar Gishiri

A shekarar da damina ta ƙi zuwa, sojoji na kan mulki, aka kakkafa wasu na'urori a bisa sandunan kasuwarmu. Ba hoto suke ɗauka ba. Wani haske ne da ake kira leza suke watsawa, su ga inda mutane ke bi da inda suke tsayawa. Lokacin an hana taro, don haka duk wurin da jama'a suka daɗe a tsaye sai ya fito ja a allon ma'aikatan da ke lura da na'urorin.

Rumfata ta fi ko'ina ja. Ni da ke sayar da gishirin Tigidda, na lasar dabbobi, ga dabbobin suna ta mutuwa, ina cinikin yake balle taro? Amma makiyaya ba su daina zuwa ba. Su tsaya mu gaisa, in tambayi gida, in tambayi abin da ya rage na garke, in yi musu jaje. Gaisuwar mutanen daji kuwa ba a yi mata gaggawa.

Aka aiko cewa za a mayar da ni bayan tasha. Raina ya ɓaci matuƙa. A rumfar nan uwata ta yaye ni, can kuwa ba makiyayin da zai neme ni.

Ranar da za a tayar da ni, wani kapiten ya zo da kansa, fuska a ɗaure, ma'aikacin na'urar na biye da shi. Bai buɗe baki ba sai wani tsohon makiyayi da ke zaune kan buhu ya gane shi, ashe ɗan amininsa ne daga Aderbissinat. Tsoho ya kama hannunsa ya shiga tambaya: ina mahaifinka, ya ƙafarsa mai ciwo, rijiyarku ta ƙafe ko da saura. Kapiten ya cire hula yana amsawa, kai a sunkuye. Wa zai zare hannu daga na sa'an ubansa? Sauran makiyaya suka matso, kowa da tasa gaisuwar. Ni dai na miƙa ruwa.

Can ma'aikacin ya leƙa allonsa, ya yi gyaran murya. "Mon capitaine, yau wurin ya fi kullum ja."

Kapiten ya dubi allon, ya dubi hannunsa da ke cikin na tsoho har yanzu. Ya juyo gare ni.

"Inna, yi zamanki."

Wallahi ranar ko dunƙule ɗaya ban sayar ba. Amma da na tashi da yamma, ta ƙarƙashin sandar na bi, ina taku ɗai-ɗai, don na'urar ta gan ni da kyau.