Gwangwanaye Huɗu na Jatau Mai Kwaba

Duk wanda ya sha zoɓo a Ƙauran Namoda shekaru ashirin da suka wuce ya san Jatau Mai Kwaba. Gajere ne, fari, mai tafiya a hankali kamar yana ɗauke da faranti cike da tambulan. Aikinsa ke nan tun yana ɗan shekara goma sha bakwai, da ya baro Sakajiki ya zama boyi a kulob ɗin manyan ma'aikatan jirgin ƙasa. A wancan zamani kukan jirgi ne ke gaya wa matan gari lokacin ɗora tukunya.

Can ya haɗu da kwabar. Ta katakon maɗaci ce, ta girme shi, ta kuma fi shi tsawo. In ka jawo ƙofarta ta tsakiya sai ta kwanta ta zama teburi, madubi ya bayyana daga ciki, kwalba goma ta koma ashirin. Akwai ramuka zagayayyu da kwalabe ke zama, da ƙugiyoyin rataye tambulan, da wata gorar ƙarfe mai murfi da ake girgiza haɗi a cikinta. Shekara da shekaru Jatau yana zuba wa manya barasa, ɗigo bai taɓa leɓensa ba.

Tsohon kukun kulob ne ya koya masa tsaronta. Ƙafafunta huɗu kowace a cikin gwangwanin madara mai cike da baƙin mai. Tsakaninta da bango, taki ɗaya. Kada komai nata ya taɓa ƙasa. "Gara ba ta tsalle," in ji kuku, "gada take nema."

Jirgi ya yi ta raguwa har ya daina kuka. Kulob ya mutu tsaye, ciyawa ta cinye filin wasa. Da aka zo rufewa, Sanda manaja ya ce wa Jatau ya ɗauke kwabar, in ba haka ba itacen girki za ta zama. Jatau ya je wurin liman da zuciya biyu.

"Katako ba ya maye, Jatau," in ji liman yana dariya. "Tahi ka wanke ta."

Sau bakwai ya wanke ta, don zuciyarsa ta kwanta. Daga nan ramukan suka karɓi kwalaben zoɓo da kunun aya da tsamiya. Gorar ƙarfe ta koyi citta da kanumfari. Mutane kan saya don ƙishi, amma da yawa don su ga fuskarsu a madubin nan suke tsayawa.

Da gwiwa ta fara ciwo, ya bi matarsa Asiya zuwa ƙauyensu a ƙasar Zurmi, ya kama ɗan noman gero. Kwaba ta samu ɗakin soro nata ita kaɗai. Duk Juma'a kafin masallaci yakan durƙusa ya duba gwangwanaye, ya tsince karan da iska ta jefa ciki. Asiya kan tsaya bakin ƙofa ta ce, "Malam, ni da na haihwa maka Mardiyya ko man ƙahwa ba ka taɓa saya min ba." Shi kuwa ya ce, "Ke gara ba ta iya miki, Asiya, ɗaci gare ki."

Bara, ana saura kwanaki shuka, da hantsi labari ya iso cewa 'yan bindiga sun tashi ƙauyen da ke gaba da su. Muhtari direba ya tsaya da a-kori-kurarsa bakin masallaci, mata da tsofaffi suna ta hawa.

"Muhtari, kwabar hwa?"

"Baba, wurinta mutum shida ne. Nuna min shidan da za mu bari."

Jatau ya dubi motar. Ya koma ɗaki ya cika gwangwanaye har baki, ya auna takinsa tsakaninta da bango, ya fita neman kwaɗo. Asiya ce ta fito daga ɗakin a ƙarshe, ya kulle.

A Ƙaura suka sauka gidan Mardiyya. Damina ta kankama. Duk ruwan da ya sauka, Jatau na zaune a zaure yana jin ƙamshin ƙasa, ya san gara ta farka. Yakan gaya wa kansa cewa baƙin mai ba ya bushewa da wuri. Ran kasuwa ya dogara sanda zuwa tasha, ya tambayi direbobi.

"Hanya ta buɗe?"

"Baba Jatau, ko akuya ba ta bin ta. Kai da kwabarka kamar ango da amarya!"

Haka ya yi ta zuwa wata biyar, amsa ɗaya. Ba wanda zai aika, ba wanda zai kai wa ƙara. Sai da aka yanke gero aka bar motoci su shiga da rakiyar jami'an tsaro, a dawo kafin la'asar. Jatau ya bi motar Muhtari zuwa ƙauyen.

Kwaɗon na nan yadda ya bar shi. Ya tura ƙofa, ya ga kwaba tsaye, ya ce alhamdu lillahi. Sannan ya lura an lulluɓe ta. Zanen Asiya ne, shuɗin nan na saƙi da take ɗaurawa ran salla. Ta rufe ta da shi don kada soro ya zubo mata ƙasa. Ta baya, gefen zanen ya sauka ya kwanta a daɓe.

Gwangwanaye huɗu cike suke da mai, ko kara babu a ciki. A jikin zanen kuwa ga hanyar jar ƙasa, siririya kamar jijiya, ta hau har sama.

Ya yaye zanen. Fentin na ƙyalli kamar jiya ya goge. Ya ɗora yatsa a ƙofar tsakiya, yatsan ya shige. Ƙofar ta zube a hannunsa kamar ɓawon gyaɗa, madubi ya sulale ya tsage biyu. Ya daɗe a durƙushe har Muhtari ya danna ham. Gorar ƙarfe kaɗai ya ɗauka, da abin da ya saura na zanen.

Asiya na tankaɗe a tsakar gidan Mardiyya da ya shigo. Ta ajiye rariya.

"Malam, ka iske ta? Ƙasa ba ta zubo mata ba ko? Na ruhe ta da kyau."

Jatau ya gyara ƙunshin da ke hammatarsa, ya tura gefen shuɗin ciki.

"Kin ruhe ta da kyau," ya ce. "Ko ƙura ba ta taɓa ta ba."

Ya zauna a kan turmi, ya ce Mardiyya ta kawo masa citta da ruwa.