Babu Mai Iya Wannan Ɗinki a Gaya

Labo mutumin Tanda ne, amma shekara talatin da ɗaya ya yi a Gaya yana ɗinkin kujerun mota. Rumfarsa tana bayan tasha, a filin Alhaji Cha'ibu mai motocin dakon kaya. Keken ɗinki guda ne a ciki, sai tarin soso da warin gam. Da sirdin babur ya fara, ya koma kujerun kamyo, manyan motocin kaya, har hannunsa ya kai ga manyan kat-kat, motocin alfarma da ake fitowa da su daga Kwatano, masu tsallako gadar kan iyaka da yagaggiyar kujera da tabon sigarin Turawa.

Sana'ar tana da ƙa'ida ɗaya: in aiki ya yi kyau, ba kai ka yi shi ba. Babban mutum ba ya son a ce kujerarsa ɗinkin Gaya ce. So yake a ce dorijin ce, watau yadda ta fito daga masana'anta. Don haka abin da gari ya san Labo da shi sirdin babur ne da facin kujerar taksi.

Da aka rufe gada motoci suka daina zuwa, manyan gari suka koma lallaɓa tsofaffinsu. A lokacin ne Alhaji Cha'ibu ya sa aka kwance kujerun motarsa, aka kai wa Labo gida cikin buhuna. Labo ya je Sakkwato da kansa ya zaɓo fata ɗaya bayan ɗaya. Mako shida ya yi a kan aikin. Idonsa ya fara rauni, matarsa Baraka ce ke zura masa zare a allura. Ya san bai taɓa ɗinki irin wannan ba, kuma wataƙila ba zai ƙara ba.

Ga abin da ya sa a ransa: a Gaya akwai manyan kat-kat kamar ashirin, duk kujerunsu sun fara tsagewa, kuma sirri a garin ba ya kwana uku. Alhaji zai ce dorijin ce, direbansa zai faɗa wa mai shayi gaskiya, sauran motocin kuma su biyo layi. Da wannan zai ƙarasa shekarun da suka rage wa idonsa.

Wata Juma'a bayan masallaci, motar Alhaji Cha'ibu ta tsaya kusa da ta Alhaji Abduljalil, mai fiton kaya a duwan, watau kwastan. Mutum kusan talatin ne a majalisar, kuma babu wanda yake da abin yi.

"Alhaji, kilim ɗin motarka fa, mai sanyin nan, kamar mai asma ne ke hura maka iska," in ji Abduljalil.

"Kai kuma katakon gabanka roba ce aka yi wa fenti. Bar wannan. Zo ka zauna a kujerata, bayanka zai sa maka albarka."

Abduljalil ya shiga ya zauna. Ya shafa, ya danna, ya sunkuya ya shinshina kamar mai sayen kifi.

"Laushi akwai. Amma warin majema nake ji. Wannan ɗinkin gida ne."

"Ɗinkin gida? Hassada dai ta hana ka numfashi."

"To a kira Labo. Shi ya san ciki da wajen kujera."

Aka kira Labo. Ya cire takalmi kafin ya shiga kowace mota. Kujerar Abduljalil ce ta masana'anta, amma fatar a tsakiya kawai take, gefen duk roba ce, har ta fara ɓarewa. Ya fito ya shiga ɗayar, ya bi ɗinkinsa da yatsa tun daga matashin kai har ƙasa. Sannan ya ɗago ya dubi mai filin rumfarsa. Alhaji Cha'ibu yana jan carbi yana kallon sama.

"Ranka ya daɗe, dorijin ce."

"Ka tabbata, Malam Labo? Ba irinku ba ne suka taɓa ta?" in ji Abduljalil.

"Alhaji, dubi zaren nan, layi biyu, babu wanda ya kauce. Babu mai iya wannan ɗinki a Gaya."

"Har kai?"



"Har ni."

Aka fashe da dariya. Alhaji Cha'ibu ya fi kowa. "Ka ji ko? Kai ma dai Alhaji, Labo ai na babur ne!" Ya sa aka ba shi goro biyu manya, don shi mutum ne mai sanin ya-kamata.

Direban ya faɗa wa mai shayi gaskiya, kamar yadda Labo ya zata. Mai shayi bai yarda ba, don yana wurin, da kunnensa ya ji. Duk wanda aka gaya wa sai ya ce, to shi da bakinsa fa? Labo mutum ne da ba a taɓa kama shi da ƙarya ba, kuma gari ya girmama shi a kan haka.

Bayan wata biyu Abduljalil ya tura motarsa Yamai aka sake mata kujeru. Sauran suka bi. Labo yakan ga motocin suna wuce rumfarsa ɗaya bayan ɗaya, suna tafiya kilomita ɗari uku neman mai ɗinki. Sau ɗaya ya gwada faɗa wa Zahradeen makaniki gaskiya. Zahradeen ya dafa kafaɗarsa ya ce, "Baba Labo, ka riƙa hutawa, rana tana da zafi."

Yanzu sai ya kai fata dab da hancinsa kafin ya ga layi. A watan jiya direban Abduljalil ya zo da matashin kujera a hannu, ɗinkin ya warware tun daga gefe.

"Alhaji ya ce ka ɗan kama masa kafin a sake kai motar can. Amma ka yi a hankali, aikin Yamai ne, kada ka ɓata."

Labo ya ce to. Ya karɓa da hannu biyu.