Gangaren Motar Baffa

Mu uku abin ya shafa: mahaifina, mai tuƙa danfon, wato ƙaramar bas ɗinmu, yayansa, Baffa, wanda ya saye ta tun ba a haife ni ba, sai ni, da na dawo Agege da digirin injiniya da kuma ra'ayi a kan kowane al'amari.

Bayan ciwon sukari ya raba Baffa da ƙafarsa ta dama, ya koma hawa keken guragu, shagonsa na atamfa a kasuwar Jankara kuwa ya zauna a kulle, domin motar ta yi masa tsayi. Mahaifina ya kawo shawarar a miƙa ta ga 'yan gwangwan a nemi mai ƙasa-ƙasa. Baffa ya ce a cikinta zai koma shago, ko ya zauna a gida.

Ni na ɗauki nauyin gyaran. Na sa aka cire kujerun tsakiya, aka faɗaɗa ƙofa, na zana gangaren ƙarfe mai kwarori biyu kamar layin dogo, kowace taya da nata. Mai walda, wanda Yarabanci ya fi zama a bakinsa, ya tambaye ni sau biyu ko na auna keken. Na gyara masa Hausarsa, sannan na ce awo yana hannuna.

Ban auna ba. Nauyi na ji in tsuguna gaban yayan mahaifina da tef, ina zagaya shi kamar mai awon likkafani. Daga littafi na kwafo awon, na kujerar asibiti.

Ranar gwaji maƙwabta suka taru. Baffa ya murza keken har bakin gangaren ya tsaya. Tayoyin baya sun daidaita da kwarorin sarai. Ta gaba, wadda littafina bai san da ita ba, tana fuskantar ramin da ke tsakaninsu.

Ya daɗe yana duban ramin. "Injiniya," in ji shi, "ita wannan ta ukun, a makarantarku ina ake ajiye ta?"

Ya karɓi tef ɗin daga hannuna, ya auna kekensa da kansa, ya gaya wa mai walda ya shimfiɗa falle ɗaya. A kansa yake hawa har yau.

Asarar: kwarori biyu, fallen ƙarfe ɗaya, kwanakin kasuwa goma sha ɗaya.