Tambaya ta bakwai da Malam Ɗahiru ya hana ni ɗauka

Sai da safen nan labari ya iske ni a garin Fulatan: Malam Ɗahiru mai tayifin na Karaye ya rasu. Jiya bayan azahar ya yanke jiki ya faɗi a shago, kafin magariba an kai shi. Ko jana'izar ban samu ba.

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

Tun da na fara koyar da lissafi, shi ke buga min takardun jarrabawa. In na iso a gajiye, sai ya tura min kujerarsa, ya yi aikin a tsaye.

Wata shekara kwamfuta ta yanka wata doguwar fomula inda ta ga dama, alamar debewa ta maƙale a ƙarshen layi, injin fotokwafi ya cinye ta. Ajin gaba ɗaya suka faɗi a tambayar, ni kuma na yi ta zazzaga musu masifa. Malam Ɗahiru ne ya gano abin da ya faru. Ya ce, "Malam Nura, yaran nan ba su da laifi, mu ne."

Daga ranar bai sake barin kwamfuta ta yanka masa lissafi ba. Da hannunsa yake sauko da layi daidai kan alamar daidai, debewa kuma sai farkon layi, nesa da gefen takarda.

Ranar Alhamis na je karɓar takardun wannan zangon, hadari ya haɗu, ina sauri. Ya ce tambaya ta bakwai ta karye a tsakiya, in ba shi minti goma.

Na ce, "Malam, kai fa mai tayifin ne, ba malamin lissafi ba."

Ya ce, "Haka ne, Malam Nura. Amma dai a bari in gyara."

Na bar masa takardun, na buga babur na tafi, ko sallama babu. Maganarmu ta ƙarshe ke nan.

Ɗazu a wurin gaisuwa ƙaninsa ya miƙo min ambulan da sunana a kai. Tambaya ta bakwai na zaune a layi uku, komai a wurinsa. Ranar Litinin ɗalibaina za su zauna a kanta.

Wallahi kunya da baƙin ciki sun hana ni sakat, don ban nemi gafararsa ba.

Allah Ya jiƙan Malam Ɗahiru, Ya yalwata kabarinsa, Ya ba iyalinsa haƙuri. Don Allah ku sa shi a addu'a. Ni ma ku roƙa min Allah Ya sa ya riga ya yafe min kafin ya cika.